Ƙoƙon da Dattijo Ya Ƙi Karɓa

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Dauda maƙeri, daga wani ƙauyen Kurfai kusa da Filinge.

Ran Lahadi fasto ya yi muna wa'azin annabci, cewa in Almasihu ya dawo, zaki da rago za su ci wuri guda. Sannan anka zagayo da ƙoƙon jibin Ubangiji. Na kurɓa, na miƙa ma dattijon majami'armu. Ya janye hannu, ya ce, "Gafara, Dauda, gidanmu ba mu sha bayan maƙera."

Hauyar da yake noma da ita fa ni na ƙera ta!

Tun ranar na kasa zama maƙera. Masu sauraro, ku gaya mini: sai Almasihu ya dawo zan zama ɗan'uwansa?