Sulallan Kaka Sun Sha Wanka

A rumfar mai sayen tsofaffin kuɗi, wani tela ya zube sulallan kakansa a tebur, yana fatan samun kuɗin sabon keken ɗinki.

"Maigida, dubi ƙyalli! Kwana biyu ina dirzarsu da toka."

Mai rumfar ya ɗaga ɗaya. "Sarkin da ke jiki ina hancinsa? Ka kankare! Bawan Allah, baƙin tsufan nan shi masu tarawa suke biya. Yanzu sai dai awon ƙarfe."

"Datti kuke saye?"

"Shi fa. Akwai wanda ba ka wanke ba?"

Tela ya sosa ƙeya. "Ɗaya ya cika ƙazanta, na wurga shi kwata."

Mai rumfar ya jawo takalminsa. "Wace kwatar?"