Dillalin Shanu da Yatsan Likita

Ranar da jiri ya kayar da matata Aisa, ni mai yawan karatu na ce likitan bai san aiki ba, na mai da ita gida. Ba ta kai Juma'a ba.

Jiya a bencin wani asibiti a Wulari na ji wani dillalin shanu yana yi wa wata tsohuwa mita.

"Hajiya, ba na'ura, ba allura! Wai in bi yatsan likita da ido. Ya juya min kai, ya ce in taka, sai ya ce zai kwantar da ni. Gida zan tafi."

"Jikata ma tocila ya haska mata, ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, ya gano wanda ba ya gani. Alhaji, in za ka sayi saniya, na'ura kake sa ta?"

"Haba! Idonta nake dubawa, in sa ta taka."

"In tana tangaɗi kamar kai fa?"

"Kafin la'asar tana hannun mahauci."

"To, a gaida gida."

Ya lallaba ya koma ya zauna.

Aisa, ke ma kin ce mu zauna. Ke ce da gaskiya.