Jikana Ya Kai Kukansa Wani Gida

Assalamu alaikum, ɗana mai gabatarwa. Ni ce Hajiya Asma'u daga Mai Wurno, tsohuwar malamar makaranta.

Jikana Bashir, ɗan 'yata, wanda na rena tun yaye, yana buga ƙwallo da yaran unguwa. Bana ya daina zuwa fili, yana kwana da riga duk zafin nan. Na tambaye shi, ya ce, "Ba komai, Hajiya." Ashe mai horar da su yana zane su da tiyon ban ruwa in an ci su a wasa, ya kuma hana su faɗa.

Kun san wa ya faɗa wa? Kakarsa ta wajen uba, mai kiransa "mijina rago". Cikin wasan jika da kaka ta ja rigarsa, ta ga shatar duka, ya fashe da kuka. Ita ta tara iyaye aka kori mutumin, yanzu mata na zama bakin fili bi da bi.

Na gode Allah, amma kishi yana cina. Ni na yi jinyarsa, ni na koya masa karatu. Wannan wasa ne kawai ban taɓa yarda da shi ba, domin yana zubar da girma. Jiya ya ɗauko takalmansa ya ce, "Habboba za ta raka ni," wato ita. Ni ko tayi bai yi mini ba.

Iyaye, ku riƙa duba jikin 'ya'yanku. Ni kuma ku ba ni shawara: mace mai shekaruna, ta ina za ta fara wasa da jikanta?