Mai Danne Murfin Baƙin Mai

A tasha ina jiran tsohuwar bas ɗinmu ta cika, sai kunnena ya tsinto min direba da wani ƙaton fasinja mai farar riga fes, ya hakimce a kujerar gaba.

"Yallaɓai, ɗan ɗaga, zan zuba baƙin mai."

"A ƙarƙashina?"

"Injin wata motar aka dasa mata, sai bakin zuba man ya faɗo daidai kujerarka."

"Kai, makaniken nan gwani ne! Tsumman da aka cusa a tiyon can fa, ado ne?"

"Ta nan injin yake numfashi. Fasinjoji suka ishe ni da ƙorafin hayaƙi, na toshe."

"Ka shaƙe shi ke nan. To, iskar ta ina take fita?"

"Ta murfin mai. In ya ɗau zafi sai ya yi tsalle, ya yi feshi. Amma in da nauyi a kan kujerar, lafiya lau."

"Au! Shi ya sa ka tsallake kowa ka ce in zo gaba? Ni na ɗauka mutunci ne."

"Mutuncin ne mana. Siririn da ya zauna nan jiya, matarsa ma ba ta gane shi ba."

"Sauka zan yi! Yau zan fara sabon aiki, rigar nan kuma ta surukina ce, bai ma san ta bar ɗakinsa ba."

"Bismillah, sauka. Mota ta gaba sai la'asar."

Bawan Allah ya dubi agogo, ya koma ya zauna.

"In muka faɗa rami fa?"

"Ka tuna surukinka, Yallaɓai, ka danne."