Tabon da Ba Ya Jin Ƙaya

Ƴan'uwa cikin Ubangiji, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya ga abin da na ɓoye wa uwar da ta haife ni. Sunana Rifkatu, daga wani ƙauye kan hanyar Madawa zuwa Buza. Bakina yakan yi nauyi a gaban jama'a, shi ya sa na rubuta wannan shaida don a karanta a taron matasa.

Kakana na wajen uba, Kaka Mato, kuturu ne. Na faɗa a fili, domin shekaru na yi ban iya furta kalmar ba. Yana saurayi ciwon ya kama shi, ya tafi neman magani wurin ƴan mishan, can ya warke, can kuma ya karɓi Yesu. Amma ya dawo gida babu yatsa ko ɗaya. Ni ce nake riƙe masa ludayin fura tun ina ƙarama. Shi kuwa ba ya kirana da sunana, sai Uwargida, irin wasan kaka da jika.

A rijiya yara sukan ce mini jikar kuturu. Nakan rama, don bakina bai mutu ba. Wadda abin yake ci a rai ita ce Innata. Ƴar Tamaske ce, kuma ranar da ta ce babana take so, yayanta ya ce mata a gaban dangi: "Tahi, kutare za ki haihwa." Wannan magana ba ta taɓa barin kunnenta ba. Babana yana bakin teku wajen bidar kuɗi, ita kaɗai ke fama da mu. In za ta yi mana wanka sai ta juya mu gaba da baya a cikin rana, ta duba har tsakanin yatsu, sannan ta ce, "Ku ga jikin ɗiyana sumul! Maƙiya sun ji kumya."

Shekarar da na shiga aji biyu na koleji, na riga na girmi wankan Inna. Wata safiya na ga wani tabo a damtsena na hagu, fari-fari, bai fi bakin ludayi ba. Na ce kyasbi ne. Amma kyasbi yana ƙaiƙayi, wannan kuwa shiru. Ko gumi ba ya yi.

Na yi kwanaki ina kallonsa. Rannan a hanyar lambun albasa na karyo ƙayar aduwa, na janye hannun riga, na soka a tsakiyarsa. Jini ya fito. Ban ji komi ba. Na ƙara dannawa, ina roƙon Allah in ji zafi. Ƴan'uwa, kun taɓa roƙon zafi? Ni na roƙa, ban samu ba!

A nan tsaye na yanke shawara ba wanda zai sani. Na ga fuskar Inna, na ji muryar yayanta. Na ce in wannan magana ta fita, an yi mata dariya ke nan daga Madawa har Tamaske, kuma ni ce na jawo.

Na koma sa riga mai dogon hannu ko a tsakiyar bazara. Na daina zuwa rumfar Kaka. In ya kira ni sai in ce ina da karatu. In na hango dungulmin hannunsa sai in ce a raina abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Na tsane shi, tsohon da bai taɓa yi mini komi ba sai alheri.

Wata rana ya ce, "Uwargida, yaji kinka yi? In laihi niy yi, a hwaɗa min in biya." Na wuce kamar da bango yake magana. Ƙanena ne ya koma riƙe masa ludayi, rabin furar a gemu take ƙarewa.

Bayan damina tabo na biyu ya fito, wannan karon a wuyana, ƙasan kunne. Riga ba ta kai nan. Sai Shaiɗan ya kawo mini dabara: tunda ba zan iya mai da tabon baƙi ba, bari in mai da sauran jikin fari. Da ɗan abin da nake samu wajen tsintar albasa na sayi man bilicin a kasuwar Madawa. Safe da yamma ina shafawa, har fuskata ta yi ja kamar ganda, tabon ya ɓace a ciki.

Nan fa ikilisiya ta ɗauka. Matan zumunta suka ce Rifkatu ta lalace, samari take nema. Aka cire ni daga mawaƙa. Inna ta binciko kwalbar a cikin kayana, ta kwaɗa mini mari, tana cewa, "Wa kike ma wagga kwalliya? Hwaɗa min sunanai!" Na sunkuyar da kai. Ku ji abin tsoro: daɗi na ji. Gara a ce mini ƴar iska da a ce mini kuturwa. Na sayi wata kwalbar na ɓoye a rumbu.

Kada ku ce ban yi addu'a ba. Na yi, har da azumi. Amma addu'ata guda ce: Ubangiji, ka ɗauke shi ba tare da kowa ya sani ba. Ni nake gindaya wa Allah sharaɗi. Ranar da Fasto ya yi wa'azi a kan kuturun da Yesu ya miƙa hannu ya taɓa, na ji kamar duk majami'a ni take kallo. Na fita na yi amai a bayan katanga.

Ciwon kuwa bai tsaya jirana ba. Ƙaramin yatsana na hagu ya fara yi mini kamar tururuwa na tafiya a ciki. Daga baya tururuwar ma ta daina. Na kusa da shi ya bi sahu. Kwano yakan suɓuce mini, Inna ta ce hankalina yana wajen samari. In na zauna a aji sai in sa hannun ƙarƙashin tebur ina matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ina duba wanne ne ya rage nawa.

Ranar da asiri ya tonu, da rana tsaka ne. Ina tuƙa tuwo, na dafa murhu da hannun hagu, Inna tana bayana tana tankaɗe tana yi mini faɗa. Sai na ji wani ƙauri, kamar ana babbakar kan akuya. Na duba ko'ina, sannan na duba ƙasa. Gefen hannuna ne kwance a kan dutsen murhu, fatar ta tashi fari fat. Na yi maza na cusa shi cikin zane.

Inna ba ta gani ba. Amma Kaka yana rumfarsa, ya ɗaga kai yana shaƙar iska. Ya san wannan ƙaurin, a jikinsa ya san shi.

Ya ce, "Rifkatu." Tunda nake bai taɓa kirana haka ba. "Taho ɗaki ki gyara min tabarma."

Da muka shiga ya ce in tsinto masa gashin kaza a bakin ƙofa. Ya maƙale shi tsakanin dungulminsa biyu, ya ce in naɗe hannun riga in rumtse ido. Haka aka yi masa a gidan likita yana saurayi.

"Kin jiya?"

"Na jiya." A goshi ya taɓa ni.

"Yanzu hwa?"

Na jira. Ban ji komi ba. Na ce, "Ba ka taɓa ba tukuna, Kaka."

Na buɗe ido. Gashin yana kan tabon, hawaye na bin gemun Kaka.

Ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun bara waccan. Ya ɗaga hannuwansa ya kawo su dab da idona. "Dubi. Ba ciwo ɗai yac cinye su ba, shiru na yac cinye su. Ni ma ɓoyewa niy yi. Barin kashi a ciki ba shi maganin yunwa, ɗiyata."

Na ce, "Inna za ta mutu."

Ya ce, "Durƙusa."

Ya ɗora dungulmin nan da na yi shekara biyu ina gudu a kan kaina. Na zaci zai roƙi a ɗauke tabon. Ko ambatonsa bai yi ba. Cewa ya yi, "Ya Yesu, kai da ba ka ƙyamar kuturu, ga jikata. Tsoro ya ɗamre mata baki. Ka kwance shi yanzu, tun da sauran yatsu." Ya yi ta maimaitawa, tun da sauran yatsu, tun da sauran yatsu. Na fashe da kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Haleluya!

Na fita da ƙafata na tsaya gaban Inna. Na kwance ɗankwali, na nuna mata wuya, na nuna damtse, na fito da hannun da ya ƙone. Na ce, "Inna, ba saurayi ba ne. Kuturta ce."

Rariya ta faɗi daga hannunta. Ta daɗe tana kallona, har na ji tuwon yana kamawa a tukunya. Na jira ihu, na jira ta ambaci Tamaske. Sai ta kamo hannun a hankali ta ce, "Don ni kinka ɓoye?" Na ɗaga kai alamar e. Ta ce, "Wa yac ce miki bakin mutane ya hi min hannunki? Kuma har da mari nim miki!" Ta rungume ni, tuwon ya ƙone ƙurmus.

Washegari muka hau kabu-kabu zuwa gidan likita. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar da ya duba ni, ya ce Kaka ba shi da hannu a ciki, don wanda ya sha magani ya warke ba ya sa wa kowa. Ya ce maganin kyauta ne, kuma yana kashe ciwon sarai. Sannan ya juya yatsun nan biyu ya girgiza kai. Ya ce da ranar da na ga tabon na zo, da ko farce ban rasa ba.

Shekara na yi ina shan ƙwayoyin. Suka mai da ni baƙa ƙirin kamar gindin tukunya, ni da nake bilicin! Kaka har tsokanata yake, wai an musanya masa mata. Yau ciwon ya mutu, Ubangiji ya warkar da ni. Yatsun biyu sun lanƙwashe, ba za su miƙe ba, amma sauran suna aiki, da su nake ɗinki.

Iyaye, in yaro ya sauya hali, ku tambaya kafin ku ɗaga hannu. Matasa, na san naku ba lallai tabo ba ne. Wani ƙwaya ce, wata wani ne yake tare ta a hanya, wani tunanin mutuwa ne yake kwana da shi. Kowanne ne, a ɓoye yake girma. Ku dogara ga Yesu, ku sami babba guda ku buɗe baki.

Watan jiya bayan sujada wata yarinya daga cikinku ta biyo ni har bakin hanya. Ta kira sunana, ta buɗe baki, sai ta ce, "Ba komi," ta juya. Ba zan faɗi sunanki ba. Amma ni ma da "ba komi" na rasa yatsu biyu. Kin san gidanmu, ina jiranki, kada ki bari sai an ji ƙauri.

Godiya da ɗaukaka ga Yesu, wanda ya kwance mini baki tun da sauran yatsu. Amin.