Mai Allura da Taron Cikin Hammata

Assalamu alaikum. Babban likita, malam liman, shugabanmu na 'yan kasuwa, Inna uwar gida, 'ya'ya da jikoki, da ku 'yan layin baya da kuka rufe shaguna kuka zo, sannunku da haƙuri.

An ce ni zan yi magana, wai bakina ya saba ciniki. To yau ba abin da zan zuga, kayan da kansu sun isa.

Marigayi Mai Allura ya kasance maƙwabcinmu a ɗan ɗakin shan maganin nan na bakin kasuwa, mai benci ɗaya da fanka mai tari. Ya kasance mutumin da bai taɓa ce mana jahilai ba, ko ranar da muka cancanta.

Kun tuna ranar Mahauci? An yi wa 'yarsa rigakafin ƙyanda, jiki ya yi zafi, kaluluwa ta fito mata a hammata. Mu kuwa a wurinmu kayan da ya ba da matsala mayarwa ake yi. Sai ga shi da wuƙa a hannu, ko ajiyewa bai tuna ba.

"Ruɓaɓɓen kaya ka ba ni! Zare abinka daga jikinta!"

"Ajiye wuƙar, ɗan'uwa, ni ba rago ba ne," in ji Mai Allura. "In ɓarawo ya shigo kasuwa, wa ke fara ganinsa?"

"'Yan sintiri."

"To jini ma yana da nasa. Su cafke baƙo, su yago ƙyallen rigarsa, su ruga da shi ɗakin taro. Kaluluwar nan ita ce ɗakin. A yi ta nunawa har a dace da wanda ya gane ƙyallen. Shi ba ya dukan kowa, izini yake bayarwa: ku maƙera ku ƙera ankwa daidai hannun ɓarawon, ku kuma ku fasa shagon da ya ɓuya. Kumburin nan cikar taro ce. Ni rigar ɓarawon kawai na aika musu, don su yi gwaji."

"In an watse fa?"

"Wasu su zauna, ba aikin komai sai tuna fuskarsa."

"A ciyar da su a banza?"

"Kamar ƙanen matarka."

Mahauci ya yi dariya har wuƙar ta faɗi. Da ƙyanda ta ratsa layinmu, kun san gidajen da aka yi kuka. Yarinyar nan ko kwanciya ba ta yi ba. Ga ta can, da goyo.

Inna, mun gode da aron mijinki da kika ba mu. Sau nawa abincinsa ya huce saboda 'ya'yanmu?

Sai dai akwai magana. Autarsa ce ta gaji kujerar, ta yi karatun, amma tun rasuwarsa bencin nan wayam yake. Wai hannunta bai kai nasa ba. Yara da yawa an yi musu allurar farko, ta biyu tana jira, alhali shi ya ce ta biyun ce ke sa masu tunawa su riƙe fuskar da kyau. In muka zauna, cuta za ta dawo ta tarar da kasuwa ba mai gane ta.

Auta, share hawayenki. Mahauci ya ce in faɗa a gaban kowa: gobe jikarsa ce farkon layi, kuma wuƙa a shago zai bar ta.

Mun gode muku duka. Allah Ya jiƙan Mai Allura, Ya haskaka makwancinsa, Ya tsare shi kamar yadda ya tsare mana 'ya'ya. Amin.