Jar Tutar Keken Ƙanena

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Sunana Hajara, daga Maigatari.

Ina da ƙane, Sabi'u, wanda shan-inna ta taɓa tun yana goye. Keken guragu yake tuƙawa da hannu zuwa kasuwa, inda yake gyaran takalma. Keken gajere ne, direban babbar mota ba ya hango shi. Shi ya sa na ɗinka masa jar tuta, muka ɗaura a doguwar gora.

Sai 'yan acaɓa suka sa shi gaba. Da ya ɓullo sai su ce, "A ba gwamna hanya! Ranka ya daɗe, ina jiniyar?" Yakan yi dariya, ashe abin yana cinsa. Rannan ya kwance tutar ya miƙo mini, ya ce, "Yaya, ajiye. Kallon da ake mini ya isa."

Ranar Alhamis, kasuwa ta cika, motar shanu tana ja da baya ta take keken. Direban ya sauko yana salati, yana rantsuwa bai ga kowa ba, kuma na gaskata shi. Allah ya yi da sauran kwana, amma hannun dama ya karye. Malam, hannun nan shi ne ƙafarsa, shi ne abincinsa.

Yanzu ɗori ya fara kamawa, har yana zancen komawa kasuwa. Masu sauraro, da wane lafazi zan lallashe shi ya mayar da tutar? Ku kuma 'yan acaɓa, na san wasa kuka yi, ban riƙe ku ba. In kun sake ganinta, don Allah ku bar shi ya wuce.